Kunkurun Baba a Gindin Katanga

Talata Mafara

Zuwa ga Yayana Rilwanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Taiba da yara. Ya aiki, ya zafin Legas? Na rubuto ne don ba na iya sakin baki a waya, kunnen Baba ya fi na kowa.

Ka san kunkurunsa, wanda ya rungumo ranar da muka baro Dosara, ya bar hatsi da shanu. Duk sanyin nan a ƙarƙashin gadonsa ya kwana. To bazara ta shigo, ɗaki ya zama tanda, sai maigidana Lukman ya haɗa masa shinge a tsakar gida da fasassun bulo da kara, a gindin katangar maƙwabcinmu Malam Abdulrashid, don can ne kaɗai inuwa.

Wallahi Yaya, da ka ga Baba! Nan yake wuni a kan tabarma, yana miƙa masa zogale da ɓawon kankana, yana ba shi labarin gonarmu kamar wani tsohon aboki. Har tuwo ya koma ci. Ni dai na gode wa Allah.

A gaida kowa.
Ƙanwarka, Kubura

Zuwa ga Yayana Rilwanu,

Ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. Mu kam jiki lafiya, hankali ne babu.

Ɗan banzan kunkurun nan ya yi rami, ya shige ciki ya ƙi fitowa. A Dosara fili ne, ya tona inda ya ga dama. Nan kuwa ramin ya bi ƙarƙashin katangar mutane, mun zura gora ba ta taɓa shi ba. Katangar ƙasa ce, ga shi har ta tsage, kuma a ɗaya gefen ne 'ya'yan Malam Abdulrashid ke shan inuwa. Ya zo da ladabinsa ya ce dole a cike ramin da dutse da siminti kafin ruwan fari. Ta ina zan ga laifinsa?

Babu abin da ban yi ba. Na jera kankana a bakin ramin, na yayyafa ruwa, na durƙusa ina kiran dabba kamar mahaukaciya. Magini ya ce in aka tona, katanga za ta zubo. Baba kuma ya ce haka halin kunkurun yake, in zafi ya yi yakan nutse, ba ya fitowa sai ya ji ruwan sama. Ruwan da zai fito da shi, shi ne zai kayar da katangar. Na rasa inda zan sa kaina, tsoro nake ji.

Don Allah ka faɗa mini abin yi.
Ƙanwarka, Kubura

Zuwa ga Yayana Rilwanu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji saƙonka cewa ba a ba ka hutu ba, Allah ya sa haka ne mafi alheri.

An cike ramin. Ranar da hadari ya haɗu, Baba ya leƙa ta tsagar katanga ya hango Kausar, autar Malam Abdulrashid, tana wasan 'yar tsana daidai wurin. Ya karɓi shebur daga hannun magini, ya hana kowa taɓawa, shi ya zuba da kansa. Ina tsaye ina kuka, ban iya ko riƙe masa hannu ba. Da la'asar ruwa ya sauka, katanga ta tsaya.

Shingen yana nan, ya hana a kwashe. Wai kunkuru ba ya rasa hanya, zai ɓullo ta wani wuri. Kullum da yamma sai ya ajiye zogale a ciki. Ni kuma kafin ya dawo daga sallar asuba sai in kwashe in ba akuya, don ranar da ya tarar an ci ne kawai yake karɓar kunu.

Yau ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni ko ni ke kwashewa. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya shanye kununsa, ya tashi ya tsinko wani ganyen.

Yaya, ka zo.
Ƙanwarka, Kubura