Jarkokin maganin gara da na ce an kai Maraɗi

Assalamu alaikum mai kula da shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don ni ma na tsani kaina.

Ni mace ce, a Dakoro nake, na karanci harkar muhalli a Maraɗi. Wata ƙungiya tana gina ɗakin haihuwa a nan, kuma masu tallafin sun ce sai ginin ya samu shaidar cewa bai cutar da muhalli ba kafin a buɗe shi. Aikina shi ne binciken sharar shantiye, wato wurin ginin: in ware buhunan siminti, guntayen ƙarfe da robobi, in auna su, in san inda kowanne ya ƙare. Ɗan kwangilar kuwa kawuna ne, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe mu tun rasuwar babanmu, shi ya nema mini aikin.

Kafin a ɗora gini an zuba maganin gara a harsashi, mai ƙarfi, wanda warinsa kaɗai ke sa ciwon kai. Jarkokin da ya ƙare a ciki doka ita ce a huda su, a tura Maraɗi. Da hannuna na shafa musu jan fenti a wuya don kada su haɗu da na ruwa. Kamiyon da zai ɗauka bai zo ba, aka jibge su bayan katanga. Wata safiya na zo babu ko ɗaya. Leburori sun kwashe, wasu sun kai gida, wasu an ce an gan su a kasuwar Kornaka.

Na sami Kawu na faɗa masa. Ya ce, "Ke ɗiyata, jarka ce fa. Su wanke da toka, shi ke nan." Na ce, "Kawu, wannan ba ya wankuwa, robar ce ke shanye shi." Ya dube ni ya ce, "To so kike a hana mu shaidar, mata su ci gaba da haihuwa a kan amalanke? In Madam ta zo ki ce an kai su." Madam ita ce mai binciken da ke zuwa daga Yamai. Ta zo, ta yaba yadda na ware shara, ta tambaye ni jarkokin. Na kalli idonta na ce an kai Maraɗi. Har ta dafa kafaɗata ta ce irina ake nema. Wace irin mutum ce ni?

Makon jiya na je barka wani ƙauye a hanyar Ɗan Gulbi, gidan ƙawata ta ƙuruciya. Ina shiga na ga jarka mai jan wuya kusa da randa, da ita suke ɗebo ruwan rijiya. Ta ce mijinta ya sayo ta, "kin ga kaurinta, ba ta yoyo." Ɗiyarta da aka yaye tana kwance a tabarma, amai take tun kwanaki, sun ɗauka shawara ce. Ta ɗebo mini ruwa a kofi, na ce azumi nake. Azumin ƙarya! Na roƙi jarkar wai ina so, ta ba ni, na sa aka kai yarinyar likita, amma ban faɗa wa kowa abin da nake zargi ba, har malamin asibitin. Ban san ko maganin ne ba. In kuma shi ne fa? Sauran jarkokin gidan wa suke? Ɗan wa ke sha yanzu da nake rubutun nan?

Na koma wa Kawu da kuka, ya ce in na buɗe baki za a ƙwace kwangilar, wataƙila har jandarma su shigo, kuma in manta ina da kawu. Inna ba ta san komai ba, kullum addu'a take mana mu biyu. Ina so in sa a yi shela a rediyo da kasuwanni a dawo da jarkokin, amma ranar da aka yi shelar asirinmu ya tonu. Madam za ta dawo kafin a buɗe ginin. Abinci ba ya shiga, salla ma sai in manta raka'ar da nake.

Iyayena da ƴan uwana, yarinyar nan har yau ba ta tashi ba. Me zan yi?