Farcen Auta a Ƙofar Shagon Madam

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan taki. Mu nan sai godiya. Baba na nan yana faɗa da rediyonsa kamar kullum, Inna kuwa ta ce in gaya miki kin yi mata nisa.

Saƙonki ya iso, kin ce in yi haƙuri in daina zama a ƙofar shagon ƙawarki Madam. Na san ita ta kira ki, na kuma san inda ta tsallake, to bari in cike miki. Ke kika samo wa Autata aiki a shagon gyaran gashin nan, ban manta alherinki ba. Amma yini take hannunta cikin ruwa da sabulu, ta wanke kan wannan, ta tsefe na waccan. Da gefen farcen babban yatsanta ya yi ja ya fara zogi, ta nuna wa Madam. Matar nan ta yatsina fuska, wai ba a taɓa kan kwastoma da yatsa mai muni haka. Maimakon ta tura ta asibiti, sai ta ɗauko gam ta liƙa mata farcen roba a kai, ta shafe da jan farce, ta ce duk ranar da ta cire shi ta cire aikinta. Yarinya ta haɗiye ciwonta don kada ta ba ki kunya.

Ban farga ba sai da na ga ta kasa ɗaura ɗankwali, na kwashe ta sai asibiti. Da likita ta ɓamɓare robar nan, wallahi sai da na kau da kai. Farcen ya koma kore, gefensa fal mugunya, ga wari. Likita ta ce ƙwayoyin cuta ba abin da suke so kamar danshi a rufe. Ta matse, ta yanke inda farcen ya ɗaga, ta rubuta mana man shafawa mai kashe ƙwayoyin. Ta ce a wanke, a tsane sosai, a shafa safe da rana da yamma, kada hannun ya jiƙa, in kumburi ya hau ko zazzaɓi ya zo mu koma ta ƙara da maganin sha. Ta ce da mun ƙara jinkiri da ya kai ga ƙashi. Yaya, yatsan da take kitso da shi ke nan, ba ta da wata sana'a.

Na je wa Madam da lallami. Ko ɗago kai daga wayarta ba ta yi ba, ta ce ƙazantar gida ce yarinya ta kwaso, ta riga ta ɗauki wata. Gidan da kika tashi a cikinsa ta zaga, ban sani ba ko ta faɗa miki wannan. Har yanzu in na tuna zuciyata tafasa take.

Likita dai ta faɗi lokacin shafa magani, ba ta faɗi wuri ba. Shi ya sa muke aron bencin mai gyaran takalmi da ke kallon ƙofarta. In shimfiɗa tawul, in jera auduga da man, in kwance bandeji a tsanake. Mata kuwa kin san mu da tambaya. Duk wadda ta tsaya, ba na ƙari ba na ragi, in nuna mata yatsa, in nuna mata shago. Da yawa daga nan suke juyawa. Jiya na hango Madam da sabuwar yarinyarta suna kallon kujeru wayam, sai na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye miki ba.

Kumburin ya saɓe, alhamdulillahi, Auta har ta fara riƙe cokali. Kin tambayi yaushe zan tashi daga bencin. Ranar da farcen ya dawo yadda na haife shi. Na tambayi likita, ta ce farce ba ya gaggawa, sai ya kusa rabin shekara. Ni ma ba na gaggawa.

Ki gaida maigida, da Babban Yaya in kun yi waya, da takwarata da ƙannenta. Auta na gaishe ki, ta ce kada ki ga laifinta. Ƙawarki kuwa in kina da saƙo ki ba ni, gobe da safe zan gan ta.

Ƙanwarki,
Maman Auta