Robar Baba da Sabon Sifirin

Kawu, don Allah ka taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ni mace ce, bakanikiya, a hannun mahaifina na koyi aiki. Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, magana ma ta ɗauke. Gadonsa na jikin tagar da ke kallon gareji, inda tsohuwar jar motarsa take.

Tun ina ƙarama yake ba ni labarin wata doguwar hanya da za mu bi da ita, babu rami, babu kwana, iska kawai. Har yau ina ɗaure noti sai in tsinci kaina a hanyar nan, shi a gefena, gwiwar hannunsa a waje. Shi ya sa na ƙara wa injin ƙarfi, na sa wa bawul, wato ƙofofin shiga da fitar iska a injin, sifirin mai biyu, ƙarami a cikin babba.

Ranar da zan haɗa injin, Baba ya miƙo min wani gwangwani da hannunsa mai lafiya. Sil ɗin bawul ne a ciki, robar da ke hana baƙin mai gangarawa cikin injin, saiti biyu da ya daɗe yana ɓoyo. Na sa ɗaya. Da na tayar, ƙarar ta yi daɗi har na lumshe ido, can sai ga shuɗin hayaki ta salansa. Na kwance, na tarar sifirin na ciki ya tauna robar. Yayana ya ce in mayar da tsohon sifirin in daina rawar kai. Ni kuwa ina son gudun, ina kuma son robar Baba a cikin motar Baba. Saiti ɗaya ya rage, kuma jikin Baba kullum baya yake yi.

'Yar Mai Jar Mota

'Yata, Allah ya ba Baba sauƙi. Yayanki bai yi ƙarya ba: da tsohon sifirin, sil mai faɗi irin na Baba zai zauna lafiya. Ke ma ba rawar kai kike ba. Amma ko kin koma tsohon, ba zan ce ki sa sauran saitin ba, domin roba na bushewa a ajiye.

Ki auna ramin sifirin na ciki, ki nemi siririn sil mai jure zafi wanda zai shige ba tare da gogayya ba. Ya dace da kaurin sandar bawul, ya kuma kama wuyan da yake zama a kai. In wuyan ya yi kauri, masu gyaran kan injin za su rage shi. Sannan ki danna bawul har ƙarshe, ki tabbata hular da ke danne sifirin ba ta taɓa sil ba.

Kada ki yi awon nan ke kaɗai. Ɗauki kan injin ki kai bakin gadon Baba, ki nuna masa robar da ta lalace, ki sa masa ma'auni a hannu. Bakanike ne, ya fi mu sanin ba a yi wa ƙarfe kara. Ina jin kallo ta taga ya ishe shi, aikin yake marmari.

Ki hanzarta, 'yata. Allah ya nuna mana ranar da za ki ja motar, gwiwar hannunsa a waje.

Kawunku na gareji