Silin Gashinki da Na Mayar

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan makwancinki da sanyi.

“Ki maido mata abinta.” Da haka yayarki Gwaggo Dije ta tare ni a ƙofar ɗakinki a Tafoki, ranar sadakar bakwai ɗinki. Silin gashinki take nufi.

Kin tuna lokacin. Kuɗin mai ya shigo, jami'armu tana sauke na'urori akwati-akwati, wasu ba a ma san wa ya yi odarsu ba. A cikinsu akwai leza, fitila mai jan haske siriri kamar tsinke. Aikina na gama digiri shi ne auna kaurin zare da ita. A gitta zaren a gaban hasken, sai hasken ya watse a bango ɗigo-ɗigo a jere, lissafi ya fitar da kaurin daga tazarar ɗigon. Da zaren roba komai ya tafi daidai. Sai na ce bari in gwada gashi.

Ke da ba ki barin gashinki a ƙasa, in kin yi tsifa ki dunƙule shi ki cusa a tsagar bango kada mugu ya tsinta, da hannunki kika tsinko sili ɗaya kika ba ni. Kika ce, “In boko zai yi mini asiri, ya yi na arziki.”

Inna, gashinki amsa biyu ya ba ni. In na ɗan murza shi, tazarar ta canza, kaurin ya canza. Lissafina ya ɗauka kowane zare zagayayye ne kamar kara, naki kuwa ta wani gefen ya fi faɗi. Malamina ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce in gyara lissafin, in maimaita gwajin a gaban masu jarrabawa da wannan silin. Ina cikin gyaran aka aiko mini cewa ciwon kai ya kwantar da ke.

Gwaggo ta ce, “An ɗora wuta bisa gashin mutum, mi kike so kai nai ya yi?”

Sanƙarau ne, likita ya faɗa a Ƙanƙara. Hasken nan ko man shanu ba ya narkarwa. Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na kama kaina ina gwada ranar da na fara kunna lezar a kan gashinki da ranar da kika kwanta. Ni, da nake wa mutanen gari dariya a zuci.

Silin yana jakata, cikin kwalin ashana. Duk awon da na tara nasa ne. In na ba da shi, sai in sake aikin daga farko, in ƙara shekara.

Har yau ban san don wa na ciro kwalin ba, don Gwaggo, ko don ke, ko don tsoron da ban yarda ina da shi ba. Ta karɓa ba ta ko buɗe ba. Ta shiga ɗakinki ta ja ƙofa, ni kuma na ɗauki jakata na fita neman motar Sheme, in kama hanyar makaranta.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yalwata miki kabari, Ya sa can ta fi nan.

Ɗiyarki,
Binta