Ma'auninka Yana Aljihuna

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da uwar yara da duk wanda ke gidanka. Allah ya sassauta maka ciwon bayan nan. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce kawai ke gardama da ni, ka kuwa san ba a kayar da ni a gardama. Tela maƙwabcina ne ke rubutawa, na ce ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata ado.

Saƙonka ya iso, cewa babban ɗanka ya fara harbi da bindigar toka, yana son ƙahon albarushi irin na da. Na yi masa. Mahauci ya zaɓo mini ƙahon sa mai kyan lanƙwasa, na dafa har ƙashin ciki ya fita, na yi kwana shida ina kankarewa da fasasshiyar kwalba, har in ka ɗaga shi a rana kana ganin inda albarushi ya tsaya. Na toshe gindin da itace, na liƙe da kakin zuma, na hura ta baki, iska ba ta sami hanya ba. Ka ce wa yaron ya rataya shi dab da hammata, kada ya riƙa lilo. Amma abin da ya hana ni sakat shi ne ƙarshen saƙon, inda ka ce in ja masa kunne kada ya yi ganganci irin na ubansa. Sau uku na sa tela ya maimaita mini wurin.

Ba ka yi ganganci ba. Ka san dokar Baba: ba a zuba albarushi daga ƙaho kai tsaye cikin bakin bindiga, don tartsatsin harbin farko kan maƙale a ciki. Sai a zuba a ma'auni, a toshe ƙaho, sannan a juye. Ranar da muka fita korar gyadon da ke ɓarna a gona, shekara arba'in da ɗaya ke nan, ka laluba ma'auninka ba ka gani ba, ka ɗauka a hanya ya faɗi. Bai faɗi ba. Ni na kwance shi daga igiyar ƙahonka da safe, don nawa ya ɓata, ina tsoron faɗan Baba. Da harbinka na farko bai kayar da gyadon ba, ka ce in ara maka nawa, na ce babu lokaci, ka zuba kawai. A lokacin yana aljihuna. Da na fito da shi da ka gane shi, don zanen wuƙarka na jikinsa.

Sauran kai ka fi ni sani, tunda ƙahon a hannunka ya fashe, ya tafi da yatsunka uku. Ina tsaye a bakin ƙofa Baba ya ce wanda ya kasa riƙe ma'auni ba zai riƙe bindiga ba, ya karɓe taka ya miƙo mini, na kuma sa hannu na karɓa. Kai ko sau ɗaya ba ka ce masa ni na ce ka zuba ba. Ciwon na warkewa ka haɗa kayanka ka tafi. Ni ne ake tambaya wace shekara aka haifi wane, ina iyakar gonar wane, ban taɓa kuskure ba. Wannan labari kaɗai nake karkatarwa duk lokacin da yara suka tambaya.

Jiya na faɗa wa Yaya Babba. Tana tsintar wake, ta ajiye faifan, ta ce, “Ba ni za ka faɗa wa ba.”

To, na faɗa. Ban iya roƙo ba, tun muna yara ka sani, har tela ya ɗaga alƙalami yana jira ya ji yadda zan yi. Ka yafe mini. In ba za ka iya ba yanzu, ka aiko ko da zagi ne, zan zauna a karanta mini har ƙarshe.

Ka gaida uwar yara, da Dogo, da Auta da mijinta. Yaya Babba tana gaishe ka. Ni dai tun jiya ba ta amsa mini gaisuwa ba.

Ni ne yayanka.