Masu Hawan Dutse da Agogo

Adda Kezia,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya su Virtue da mutanen unguwar Damilu? Ni lafiya lau, sai sanyi. In an sami mai zuwa, ki aiko min da yaji.

Kin tambayi aikina a Faransa. Ina ɗaukar wa masu hawan dutse kaya, ina riƙe musu igiya. Dutse ne miƙe kamar bango, suna hawa suna duba agogo, wai a ga wa ya fi sauri. Ba mai korarsu, Adda. In mutum ya suɓuce, igiya ta tare shi, ya yi dariya ya sake.

Makon jiya maigidana ya ga na haura ciro igiyar da ta maƙale, ya ce a ina na koya. Na yi wautar gaya masa: ranar da 'yan bindiga suka shigo mana garin Michika na hau dutse da Mama a goye, Baba ya ce mu yi gaba yana zuwa, har yau bai zo ba. Sai mutumin ya ɗauko kyamara, wai labarin zai jawo kwastoma. Tambayarsa ta farko, minti nawa na yi?

Aikin nake so, na tsaya aka ɗauka. In bidiyon ya shigo wayarki, kada ki nuna wa Mama. Sun sa masa kiɗa, kuma sun yanke wurin Baba, wai ya yi tsawo.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Othniel