Tambarina Yana Kan Ƙusoshin da Na San Za Su Karye

Assalamu alaikum. Ina roƙon a sakaya sunana, masu karatu kuma ku saurare ni kafin ku yanke mini hukunci.

Na karanci fasahar ƙarfe, ina kuma aiki a masana'antar surukina a Dutsin-Ma, inda muke ƙera ƙusoshin da ke riƙe tayar amalanken shanu. Ƙa'idar aikin ita ce a gasa ƙarfe ya yi jajir, a tsoma shi cikin mai ya taurare, sannan a mayar da shi tanderu a sassauƙan zafi. Idan aka tsallake wannan mataki na ƙarshe, ƙarfen zai yi tauri a ido, amma gautsi gare shi kamar kwalba. Ni nake gwadawa, ni nake buga tambari, kuma ban taɓa buga shi a kan ƙarya ba sai a watan jiya.

Mun gama tsomawa ke nan aka ɗauke wuta, ga manoma da makiyayan ƙauyen Barkiya suna jiran ƙusoshin a waje. Na sunkuyar da kai na ce wa surukina, "Baba, ba a mayar da su tanderu ba." Ya ce, "Haba Malam, boko bai hana ganin gari ba. Kaka ta zo, mutane su ɗauko gero a ka? Buga kawai." Mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, wanda ban taɓa haɗa ido da shi ba, ta yaya zan musa masa a gaban ma'aikata? Na buga. Bayan sun tafi na sa wa ƙusa ɗaya da ta rage guduma, ta karye gida biyu. Ina amfanin karatuna? Ina gaskiyar da nake wa wasu faɗa a kanta?

Ranar kasuwa na haɗu da wani makiyayi daga cikin waɗanda suka saya. Ya riƙe hannuna yana dariya ya ce, "Malam, tunda na ga tambarinka ban ƙara dubawa ba. A amalanken ma nake kai mai ɗakina awo, cikin ya tsufa."

Na san hanyar da suke bi da ramukanta. Idan na bi ƙauyuka na karɓo ƙusoshin, na tona asirin mahaifin matata, wataƙila aurena ya girgiza. Idan na yi shiru, matar nan za ta sake hawa ranar awo.

Jama'a, me zan yi?